Inda na ci abinci a Delhi lokacin jinyar Hajiya

A ƙarshen watan Oktoba na 2016 na kai mahaifiyata Indiya domin a yi mata aikin zuciya. Likitoci a Kano sun ce bawul ɗaya ya lalace, sai an canza shi, kuma jikinta ba zai jure dogon jira ba. Muka sayar da filin da mahaifinmu ya bari, ƙannena da dangi suka yi karo-karo, a shekarar da dala ta yi tashin gwauron zabi. Ni ne ɗan fari, don haka jinya ta faɗo kaina. Tun da muka dawo, duk wanda zai kai mara lafiya can in ya zo wurina, tambayarsa ba ta wuce biza da kuɗin asibiti da masauki. Wannan da zan faɗa ba mai tambayata, alhali shi ya fi tsaya mini a rai.

Sai na fara faɗin yadda muke da Hajiya. Ita 'yar ɗariƙa ce ta gidi, ba ta fashin lazimi safe da yamma, ta sha zuwa ziyara Hubbaren Shehu a Sakkwato, kuma a wurinta waliyyi ko a wace ƙasa yake kwance nata ne. Ni kuwa karatun addinina a hannun malaman Izala na yi shi, ba na shafar kabari, ba na roƙo a gabansa. Mun daɗe da samun zaman lafiya a kan wannan, ba ta taɓa nawa, ba na taɓa nata. Sunan mahaifinta aka sa mini, shi ya sa ba ta kirana sai da Babana.

Mun sauka Delhi ana bikin Diwali na Hindu, ko'ina fitilu da wasan wuta. Kwanakin da suka biyo baya hayaƙi ya turnuƙe birnin har aka rufe makarantu. Na kama ɗaki a wata unguwa bayan asibitin, inda masu jinya daga Afganistan da Iraƙi da Sudan da nan gida Najeriya suke cunkushe. Aka yi aikin, Allah ya ba da sa'a, aka kwantar da ita a ɗakin kulawa ta musamman, inda ba a barin mai jinya ya kwana.

Ranar Talata 8 ga Nuwamba da daddare ina zaune wurin mai shayi, sai na ga kowa ya miƙe ya zuba wa talabijin ido. Firaministan ƙasar ne ke jawabi: daga ƙarfe 12 na daren nan, takardar rupi 500 da ta 1,000 sun daina aiki. Waɗannan biyun su ne kashi 86 cikin 100 na kuɗin da ke yawo a hannun jama'a. Ni kuwa ban daɗe da canza ragowar dalar da ke hannuna ba, kuɗin ɗaki da na magani da na abinci gaba ɗaya, kuma 'yan ɗari biyar-biyar da dubu-dubu mai canji ya ƙirgo mini. Wanda ya ga abin da ya faru a nan gida lokacin canjin takardun naira a farkon 2023 ba sai na yi masa dogon bayani ba. Bambancin kawai ni baƙo ne, ba ni da asusu a bankinsu, katin bankina na gida kuma ya riga ya daina aiki a waje saboda ƙarancin dala. Washegari bankuna a rufe. Da aka buɗe, layi ya zagaye unguwa, kuma abin da za a canza wa mutum bai wuce rupi 4,000 ba, shi ma in layi ya zo kanka kafin kuɗin su ƙare. Hajiya asibiti ke ciyar da ita, yana cikin abin da muka biya tun farko. 'Yan ƙananan kuɗin da suka rage mini na ware su don magungunanta da ake saye a waje. Ni na koma shayi da biskit, daga baya shayin kaɗai.

Wata rana na wuni a layin banki, aka rufe ƙofa saura mutum kaɗan a gabana. Na fito jiri na ɗibata, na tsayar da a-daidaita-sahu, irin namu ne sak, ai daga can ake kawo mana su. Direban dattijo ne mai farin gemu, da shuɗin rawani da awarwaron ƙarfe a hannun dama, mabiyin addinin Sikh. Sardarji ake ce wa irinsu don girmamawa. Na nuna masa 'yar dubu ɗaya, ya girgiza kai. Sai ya ƙare mini kallo, ya kai yatsunsa baki, yana tambaya ko na ci abinci. Kunya ta sa na ce na ci. Bai yarda ba, ya ce in hau.

Ya kai ni wani ƙaton farin gini na marmara, ƙubbarsa ta zinariya na ƙyalli a cikin hayaƙin nan, ga wani dogon ƙarfen tuta an naɗe shi da ƙyalle ruwan goro. Gurdwara Bangla Sahib ke nan, babban wurin ibadar Sikh da ke kusa da Connaught Place a tsakiyar birnin. Na ja na tsaya. Ban taɓa sa ƙafa a wurin bautar wani addini ba, ko coci-cocin Sabon Gari da nake wucewa ta gabansu kullum. Dattijon ya gane. Da guntun Turancinsa da 'yan kalmomin Indiyancin da na tsinta a finafinai tun ina yaro, ya fahimtar da ni cewa ba ɗakin addu'a zai kai ni ba, ɗakin abinci ne, kuma ba mai tambayata addinina.

Wurin ajiye takalma ne ya fara kashe mini jiki. Na miƙa silifas ɗina da suka sha ƙurar layi ta wata taga, sai wani mutum da gani ka san mai hali ne, agogon hannunsa kaɗai abin kallo ne, ya karɓa da hannu biyu ya ba ni lambar ƙarfe. Da na dawo karɓa na tarar an goge su tas. Sardarji ya ce ba ma'aikaci ba ne, daga ofis ya taso ya zo yin hidima, a wurinsu wannan ibada ce. Sharuɗɗan shiga ba su da yawa. A cire takalmi da safa, a taka ta cikin wani ɗan kwarmin ruwa a wanke ƙafa, a rufe kai mace ko namiji, kada a shiga da taba ko giya. Ranar ba hula a kaina, na ɗauki ɗan ƙyalle a cikin kwando na ɗaura.

Muka jira tare da ɗaruruwan mutane har na ciki suka gama, aka share aka goge, sannan aka buɗe ƙofa. Dogayen shimfiɗu ne a ƙasa, sahu-sahu kamar za a ta da salla. Kowa a ƙasa yake zama, babu kujerar manya. A damana wani mai kwat da jakar kwamfuta, a haguna wani tsoho mai turin keken kaya, dugadugansa duk faso. Aka raba farantan ƙarfe masu gida-gida. Samari suka biyo sahu da bokitai, wannan miyar wake da suke kira dal, wancan shinkafa, wancan dankali da ganye, na ƙarshe da kwandon gurasarsu mai faɗi marar kauri, da ɗuminta. Ita gurasar ba a miƙa hannu ɗaya a karɓa, sai ka haɗa tafuka biyu ka buɗe a saka maka, attajiri da miskini duk haka. Na yi bismilla. Loma ta farko na sauka hawaye suka ƙwace mini. Yaron da ke zuba dal ya gani, bai ce uffan ba, ya ƙara mini ludayi ɗaya ya yi gaba.

Ba wanda ya yi mini wa'azi, ba a ba ni wata takarda in karanta ba, ba a rubuta sunana ba, ba a ɗauki hotona ba. Na nanata wannan ne domin na san yadda sadaka ta koma a wasu wurare, inda sai an shanya mabuƙata a rana an ɗauki bidiyonsu kafin a miƙa musu mudu ɗaya. Langar suke kiran wannan ciyarwa, kuma duk inda Sikh suka gina wurin ibada za ka same ta, tun zamanin Guru Nanak wanda ya kafa addinin, haifaffen 1469. Ba a sa nama a ciki, don Hindu da Musulmi da kowa ya iya ci ba tare da wasiwasi ba. A Bangla Sahib dubban mutane ke ci kullum, kuma a makonnin nan da kuɗi suka ɓace layin ya ƙara tsawo, amma ban ga ranar da aka ce ya ƙare ba.

Duk da haka da daddare na kira malamina a Kano ta WhatsApp na zayyana masa komai. Ya ce, "Akwai yanka?" Na ce babu nama ko kaɗan. Ya ce, "An sa ka rusuna wa wani abu?" Na ce a'a, Malam. Ya ce, "To ci abincinka ka gode wa Allah, su ma ka gode musu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya bar duniya sulkensa na jingine a wurin Bayahude saboda sha'irin da ya karɓo wa iyalinsa." Abu ɗaya ya ce in bari, wata alewa mai laushi ta garin alkama da man shanu da sukari da ake rabawa a ƙofar ɗakin addu'arsu, domin ita tana cikin ibadar. Haka na yi. Ban taɓa karɓarta ba, ba kuma wanda ya taɓa ɓata rai.

Na ci gaba da zuwa a jirgin ƙasa na cikin gari, da 'yan canjin da nake tattalawa. Yaron nan mai zuba dal ashe ɗalibin jami'a ne, muka saba, shi ya ba ni tarihin wurin. Asalinsa gidan wani basarake ne, Raja Jai Singh. A 1664 shugaban Sikh na takwas, Guru Har Krishan, yaro ne da bai cika shekara 8 ba, ya sauka a gidan daidai lokacin da agana da kwalara ke kashe mutane a Delhi. Ya riƙa ba marasa lafiya ruwa daga rijiyar gidan, har shi ma aganar ta kama shi ya mutu a shekarar. A 1783 aka gina wurin ibada a nan. Shi ya sa har yau masu jinya ke tururuwa suna ɗibar ruwan wurin a gora su kai wa marasa lafiyarsu. Akwai babban tafki mai kifaye a harabar, an kewaye shi da marmara. An ce in ɗibar wa Hajiya, na ce na gode, muna da zamzam da muka taho da shi. Ban yarda ruwan na warkarwa ba, ban kuma ɓoye musu ba. Amma cikin masu ɗiba na sha ganin waɗanda muke zaman baranda tare a asibiti, har da wata mata da mijinta ke gadon da ke kusa da na Hajiya, wadda ko gyangyaɗi ban taɓa ganin ta yi ba.

Ta ƙofa na hangi ɗakin addu'ar. Babu gunki. Littafinsu mai tsarki ne a kan wani ɗan gado ƙarƙashin rumfa, wani na yi masa fifita da mafici na gashi, ana rera baitoci da ƙananan ganguna da wani akwatin kiɗa, mutane na zuwa suna kai goshi ƙasa a gabansa. Sun ce Allah ɗaya suke bauta wa. Ni dai goshina alƙibla kaɗai ya sani, in lokacin salla ya yi sai in karɓi takalmina in fita neman masallaci.

A masaukinmu akwai wata mata 'yar Filato, Kirista, Hausarta rangaɗaɗau, ta kawo ɗanta mai ciwon ƙoda. Ita ma canjin ya rutsa da ita. Na gaya mata inda nake zuwa, ta biyo ni. Da muka ci muka fito ta hangi wani jan gini mai kuros a sama, babban cocin Katolika na Sacred Heart, tafiyar 'yan mintuna daga gurdwarar. Ta ce, "Malam, don Allah ka ɗan jira ni." Na zauna a bakin get riƙe da jakarta da takardun asibitin yaron. Ta daɗe a ciki. Da ta fito idanunta sun yi jawur, ta ce kyandir biyu ta kunna, ɗaya na ɗanta, ɗaya na Mama. Na ce Allah ya ba su lafiya baki ɗaya, ta ce amin. Yaron bai tashi ba. Ni na taya ta zirga-zirgar takardun kai gawa gida.

Da aka dawo da Hajiya ɗaki ta fara samun ƙarfin magana, ta yi ƙawa da wata tsohuwa 'yar Sudan, jikar Hausawan da suka yada zango can a hanyar Makka. Ita ta tsegunta mata cewa akwai wani babban waliyyi kwance a garin. Ina shigowa ta ce, "Babana, tun da ba ni da ƙafa, ka je ka gaishe mini da bawan Allahn nan. Ban ce ka roƙe shi ba, na san halinka. Ka yi masa sallama, ka karanta masa Ƙulhuwallahu, ka dawo." Uwa na kwance da ɗinki a ƙirji, wa zai yi mata musu? Na tafi ranar Alhamis da yamma.

Hubbaren Nizamuddin Auliya ne, shehin ɗariƙar Cishtiyya da ya rasu a 1325. A farkon unguwar babbar cibiyar 'yan Tablig take, daga nan sai ƙuntatattun lunguna, masu gashin nama, masu sayar da furen wardi a faranti da turaren wuta da korayen mayafai masu zaren zinariya da ake lulluɓa wa kabari, kowa na kiranka ka ajiye takalmi a shagonsa ka sayi fure. Kwatsam lungu ya buɗe, sai ga farar ƙubba a tsakiyar tsakar gida ta marmara. Kafin ka kai gare shi sai ka wuce kabarin almajirinsa, mawaƙi Amir Khusrau, wanda ya bi bayansa da 'yan watanni. Maza ne ke shiga ɗakin kabarin. Mata daga waje suke tsayawa suna leƙe ta tagogin dutse masu huda-huda, duk an ɗaɗɗaure su da jajayen zare, kowane zare buƙatar wani ce. Mawaƙan bege na zaune a ƙasa suna tafi suna rerawa. Kuma da yawa daga masu ziyarar ba Musulmi ba ne, ga matan Hindu da jan ɗigo a goshi, ga Sikh da rawunansu.

Na ga abin da zuciyata ba ta karɓa ba, har yau kuma ba ta karɓa ba: masu kai goshi a dokin ƙofa, da masu sumbatar kabarin suna kiran mai shi ya biya musu buƙata. Wannan kuskure ne, kuma ya fi yi mini ciwo a kan abin da na gani a wurin Sikh, domin waɗannan 'yan uwana ne masu kalmar shahada. Na shiga na tsaya, na yi sallamar da aka koyar da mu ga ma'abota kabari, na karanta abin da Hajiya ta ce, na roƙa masa rahama, na fito na yi magariba a tsohon masallacin jan dutse da ke jikin wurin.

Ina fitowa na tarar nan ma ana rabon abinci, ga layin miskinai ya miƙe cikin lungu. Wani dattijo malamin makaranta da muka haɗa sahu ya gaya mini cewa tun Shehin na raye tukunyar gidansa ba ta sauka, abin da aka kawo masa kyauta ba ya ajiyewa, rabarwa yake yi. Shehinsa kuma shi ne Baba Farid, wanda ke kwance a Pakpattan ta ƙasar Pakistan, kuma baitocin Baba Farid ɗin nan suna cikin littafin Sikh mai tsarki, Guru Granth Sahib, ana rera su a gurdwara har gobe. Abin ya ɗaure mini kai, sai da na koma na tambayi ɗalibin nan, ya ce haka ne, har ya rera mini baiti ɗaya. Da na ba Hajiya labari, har da abin da ban ji daɗinsa ba, ta ce, "Wannan tsakaninsu da Ubangijinsu. Kai dai ka isar da saƙona, Allah ya yi maka albarka."

Juma'a a Jama Masjid nake yinta, masallacin da Sarki Shah Jahan ya kammala a 1656 da jan dutse da farin marmara. Wata Juma'ar bayan an idar na bi titin Chandni Chowk da ƙafa, daga gaban Lal Ƙila, tsohuwar fadar sarakunan Mugal. A bakin titin akwai jan ɗakin ibadar mabiya addinin Jain, waɗanda ko kiyashi ba sa kashewa, har asibitin tsuntsaye gare su a harabar. Jikinsa na Hindu ne, Gauri Shankar, ƙararrawa na ta kaɗawa. Gaba kaɗan cocin Baftis, sai gurdwarar Sis Ganj, kusan katanga ɗaya da masallacin Sunehri, ƙarshen titin kuma masallacin Fatehpuri na 1650. Duka bai kai tafiyar rabin awa ba.

A Sis Ganj ƙafata ta yi nauyi. A daidai wurin aka fille kan shugaban Sikh na tara, Guru Tegh Bahadur, a 1675, bisa umarnin Aurangzeb, sarki Musulmi. Nan ma ana langar, kuma na ga masu hula da gemu irina zaune a sahu sun haɗa tafuka ana saka musu gurasa. Mutanen da suka ciyar da ni sun fi ni sanin wannan tarihi, da shi yaransu ke tashi, kuma sun san ni Musulmi ne tun ranar farko, domin da bakina na faɗa.

Kada wani ya ɗauka Indiya aljannar zaman lafiya ce. A Delhin nan, bayan kashe Firaminista Indira Gandhi a ƙarshen Oktoba 1984, an hallaka Sikh kusan 3,000 cikin 'yan kwanaki, aka ƙona wuraren ibadarsu. Ranar 6 ga Disamba 1992 gungun Hindu masu tsattsauran ra'ayi suka rushe masallacin Babri a Ayodhya, jini ya kwarara a garuruwa da dama. Musulmin da na yi hira da su a bakin Jama Masjid a ɗar-ɗar suke zaune. Mu ma ba baƙin wannan ba ne. Ranar Kirsimeti ta 2011 bam ya tashi a cocin Madalla. Ranar Juma'a 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari babban masallacin Kano da ke jikin gidan Sarki, mutum sama da 100 suka rasu, har da maƙwabcinmu da ɗansa. Akwai ayar Suratul Hajji da ta jero ɗakunan ibadar ruhubanawa da coci-coci da majami'un Yahudu da masallatai, ta ce ba don Allah yana tunkuɗe wasu mutane da wasu ba, da an rurrushe su. Ita na yi ta maimaitawa har na kai tashar jirgi.

Kuɗi sun dawo hannu lokacin da ƙanena ya aiko da dala ta hannun wani ɗan kasuwar Kwari da ya zo sarin kaya. Sai a sannan na gaya wa Hajiya inda nake cin abinci duk tsawon lokacin nan. Ta yi shiru, can ta ce, "Babana, ashe yunwa kake kwana da ita ina nan kwance ban sani ba?" Na ce ai Allah bai bar ni ba. Ta ce, "To yaba kyauta tukuici. Ka sayi buhun garin alkama ka kai musu, ka ce daga uwar yaron da suka ciyar." Na ɗora buhun a a-daidaita-sahu na kai. Wanda ya karɓa ya haɗa hannu ya yi godiya, buhun ya shige cikin tsibin buhuna. Na roƙa a ba ni aiki, aka tura ni wurin wankin faranti, na tsaya tsakanin wata tsohuwa da wani soja da ke hutu muna miƙa wa juna har la'asar ta kawo jiki. Sardarji kuwa na neme shi a inda na tsayar da shi ban same shi ba, ko sunansa ban sani ba.

Hajiya ta yi shekaru bayan aikin, ta ga auren autarta, sannan Allah ya karɓi abinsa. Bayan rasuwarta na kai wa kwamitin masallacin unguwarmu shawarar mu ɗora tukunya. Ciyarwa ba baƙuwarmu ba ce, mun taso mun ga ƙwaryar tuwo a zauren malamai da attajirai, baƙo bai kwana da yunwa, kuma da azumi ba a magana. Abin da ya yi ƙaranci shi ne na yau da gobe, wanda ba ya jiran ganin watan Ramadan. Na roƙi abu biyu. Na farko kowa ya zauna a tabarma ɗaya kuma ba a ɗaukar hoto, wannan ba wanda ya ja. Na biyu ba a tambayar mutum addininsa, shi ne ya ta da ƙura. Wani dattijo ya ce, "Yanzu kuɗin ɗakin Allah za mu ɗauka mu ciyar da wanda ba ya salla?" Liman ne ya raba gardamar. Ya tuna musu da Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar a Barikin Ladi, wanda a watan Yunin 2018 ya ɓoye ɗaruruwan Kiristoci a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa ya tari maharan. Ya ce masallacin da ya iya ɗaukar rayukansu, farantin shinkafa ba zai gagare shi ba. Aka kuma tsayar cewa ba za a taɓa kuɗin masallaci ba, asusu daban aka buɗe wa mai niyya.

Litinin da Alhamis muke yi bayan magariba, don masu azumin nafila su ma su samu. Garau-garau ne, shinkafa da wake da mai da yaji. Almajirai na zuwa, da 'yan ga-ruwa, da masu gadi, da 'yan ci-rani, da masu jinya daga asibitin da ke kusa da mu, da wani makaniki Ibo da yaran garejinsa. Dattijon nan har yau bai gamsu ba, ba ya sa kuɗinsa, muna gaisawa lafiya lau. Da shinkafa ta yi tsada mun yi watanni muna yin Alhamis kaɗai, yanzu mun dawo da Litinin ɗin. Abin da ke gabanmu shi ne rumfar kwano kafin damina ta faɗi, domin a fili muke shimfiɗa tabarmin.